Manya ta Ƙofar Kicin Suke Shiga

Duk wanda ya san unguwar Rayfield ta Jos ya san Gidan Hadawik, ko da bai taɓa leƙa cikinsa ba. In ka bar babban titi ka bi layin itatuwan turare har inda kwalta ta gaji ta tsaya, za ka gan shi: gidan dutse mai hawa biyu, da bututun hayaƙi har shida, da tagogi dogaye, ya tsaya ƙerere yana kallon wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cike. Wani Baturen haƙar kuza ne ya gina shi tun kafin yaƙin Hitila, ya kwaikwayi wani babban gidan sarauta na ƙasarsu, har sunan ma ya ɗauko. Leburori suna kiran Baturen Mai Buroshi. A takarda kuma sunansa Albert. Amma a bakin Baba Hezekiya, kai, ba ka isa ka ji wani suna ba sai Lod Hadawik.

Baba Hezekiya Gyang shi ne mai kula da gidan, kuma in za a faɗi gaskiya shi ne gidan. Shekararsa saba'in da huɗu. A ɗakin ƙarshe na boskwata aka haife shi, bayan kicin, lokacin da babansa Gyang yake kukun Bature. A ɗakin nan ya yi rarrafe, a nan ya kawo matarsa Magadaliya, a nan kuma ta rasu, kanta a kan cinyarsa. Bishiyar fiya da ke bakin ƙofar, uwarsa Chundung ce ta dasa ta. 'Yarsa Firisila, mai shagon ɗinki a unguwar Kwararafa, ta yi roƙo har bakinta ya gaji a kan ya dawo wurinta ya huta. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Firisila, daga ɗakin nan sai coci, daga coci sai rami. Kada ki ƙara tayar mini da maganar nan."

Bature ya mutu a alif ɗari tara da saba'in da huɗu, ba mata ba ɗa. Daga nan gidan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Wani soja ya zauna ya ƙone rabin katakon bene don jin ɗumi. Wata ma'aikata ta karɓa ta cika falon da fayil, ɓeraye suka yi biki. Wani fasto ya yi haya na shekara uku yana korar aljanu daga bututun hayaƙi, alhali jemagu ne. Duk suka zo suka tafi, Hezekiya yana nan, yana share ganye, yana ɗiga mai a ƙarfen babbar ƙofar gaba duk Litinin, ƙofar da shi kansa bai taɓa bi ta cikinta ba ko sau ɗaya.

Sai ga Onarabul Robert. Tsohon ɗan majalisa ne, ya yi zango ɗaya jama'a suka sallame shi, amma sunan ya manne masa kamar ƙaya a wando. Mutum ne mai tumbi da son a ce ya waye. Ya sayi gidan da niyyar rushewa ya yi otal, sai ranar da ya zo duba wuri ya ci karo da Hezekiya, ya yi kuskuren tambayarsa, "Baba, wa ya gina wannan abin?"

Af! Ai sai Hezekiya ya gyara tsayuwa, ya haɗa ƙafafu, ya buɗe baki.

"A shekarar alif da ɗari shida da sha biyu, ranka ya daɗe, wani mai fataucin ulu ya gina Hadawik na asali a ƙasar Ingila. Ɗansa ya ara wa sarki dawakai, sarki ya ƙi mayarwa, sai ya ba shi sarautar Lod a madadinsu. Lod na uku ya kai dajin gidan gaba ɗaya teburin karta, ya dawo ba ko itacen girki. Lod na biyar ya auri 'yar mai gonakin rake, ya gyara rufi da dukiyarta, sannan ya tashi ƙauye guda, da cocinsa da maƙabartarsa, saboda yana tare masa kallon tafki in yana shan shayi. Lod na bakwai kuwa..."

Haka ya jero su har tara, ba tuntuɓe, kamar mai karatun zabura. Duk daga bakin Bature ya ji, lokacin da yake yi masa aiki yana saurayi. Onarabul ya saki baki. Da aka zo wurin tashin ƙauye sai ya buga cinya ya ce, "Ka ji maza!" Bai tambayi gonar wa ke ƙarƙashin ramin kuzan da ke gabansu ba. Gonar accan kakan Hezekiya ce ta wajen uwa, amma wannan ba ya cikin tarihin, don haka Hezekiya bai faɗa ba.

Abin da ya gama sace zuciyar Onarabul shi ne al'adu. Hezekiya shekara goma ya yi yana kallon Bature da idonsa, ya haddace kowane motsi, kuma ya daɗe da gano ma'anar kowanne. Na farko, babban mutum a Ingila ba ya shiga gida ta ƙofar gaba. Lod Hadawik, da gidansa da komai, kullum sai ya zaga ta kicin. Na biyu, in mace mai daraja ta zo wucewa a baranda, sai ka juya ka fuskanci bango har ta wuce. Ya ga Lod ya yi wa matar Razdan haka. In za ka hau bene, gefe-gefe ake bi, ba a taka kafet. Abinci kuwa a dogon teburin kicin ake ci, da sauri, kuma da zarar ƙararrawa ta kaɗa, ko ta agogo ce ko ta tarho, sai ka miƙe zumbur ka bar kwano, domin babban mutum ba ya suɗe faranti. Sannan uwa uba, takalmi. Duk baƙon da ya kwana a gidan, da sassafe Lod da kansa yake zama ya goge masa takalmi har sai ya ga fuskarsa a ciki.

"To me ya sa sauran Turawan ba su yin haka?" in ji Onarabul.

"Oga, su ai talakawa ne a can. Shi ya sa ko kulob ɗinsu ba ya zuwa. Kunyar gayyatarsa suke ji."

Shi ke nan, aka fasa otal. Aka yi fenti, aka sayo kafet ja, aka rataya allo a bakin titi, aka fara abin da ake kira Liyafar Lodawa duk Asabar da rana. Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Manyan Rayfield, masu motoci baƙaƙe da direbobi, su faka a gaba, su tattare babbar riga ko su gyara nakataya, su zaga ta bayan gida, su wuce kwandon shara da tukwanen gas, su sunkuya su shiga ta ƙofar kicin suna murmushin waɗanda suka san abin da wasu ba su sani ba. Wani tsohon alƙali har gidansa ya kai al'adar. Ya sa aka toshe ƙofar falonsa, matarsa ta yi yaji na sati biyu. A wurin biki in ka ga mutum ya tsaya cak ya manna hanci a bango, kada ka ɗauka fitsari zai yi, ɗan liyafa ne ya hango matar kwamishina. Hezekiya kuwa, cikin farar kaki mai sitaci, yana tsaye da ƙararrawar hannu. Sai ya bari sun kai loma ta uku ta dankali da naman rago, ya kaɗa, su zabura su bar abinci suna haɗiyar yawu, suna yaba wa juna.

Nasara ce ta jawo masifar. Motoci suka yi yawa, wurin fakin ya yi kaɗan. Wata Laraba Onarabul ya zagayo baya da wani mai tef na awo, suka tsaya a gindin fiya suna nuna boskwata da baki.

"Baba," in ji shi, "wannan layin ɗakunan zai tafi. Mota talatin za ta shiga nan."

Hezekiya ya matso da sauri. "Oga, ɗakina ne. A nan aka binne cibiyata."

"Na sani, na sani. Amma duba shi fa, yana ɓata mana tarihi."

"Yana cikin tarihi, ranka ya daɗe! Lod da kansa yakan zo ya zauna a kan dutsen nan su yi hira da babana. Ya fi zama a nan a kan falo."

Onarabul ya sosa ƙeya. Dama akwai labarin da yake ɗokin bayarwa. Wata Baturiya mai suna Madam Judit, wadda ke kula da tsofaffin takardu a Hadawik na asali, ta ga tallarsu a intanet, ta rubuto cewa za ta zo taro Abuja, kuma za ta ƙaraso Jos ranar Asabar ta ga ƙanen gidansu da idonta. "To ga yadda za a yi," in ji Onarabul. "In matar nan ta tabbatar da tarihinka a gaban mutane, ta ce komai daidai ne, ɗakinka ya tsira, zan nemi fakin a wani wuri. In kuwa ka ba ni kunya, katafila na nan zuwa Litinin."

Hezekiya bai ji ko ɗar ba. Wane irin ba da kunya? Abin da ya gani da idonsa? Ya kwana uku yana goge cokula, ya wanke kakinsa ya goge da dutsen guga na gawayi da ya gada wurin babansa. Ya aika wa Firisila cewa ta daina damuwa, magana ta ƙare.

Asabar ta zo da yayyafi irin na watan Agusta, da sanyin nan mai shiga ƙashi. Wajen ƙarfe ɗaya mota ta tsaya a gaban gida, wata doguwar mata mai furfura da takalmin tafiya ta fito, ta tsaya tana kallon ginin, hannunta a ƙirji. Sai ta nufi matakalar gaba kai tsaye.

Onarabul ya taro ta da gudu, tumbi na rawa. "A'a, Madam, haba! Kada ki gwada mu. Mun san tsari." Ya kama jakarta ya ja ta baya, ta cikin taɓo, ta gaban kwandon shara. Hezekiya, da ke jira a ƙofar kicin, ya lura ta ɗan yi turus, amma ya ce a ransa mamaki ne, ba ta zaci an san abin a Afirka ba.

Da ta shiga baranda, manya goma sha biyu ne a jere: tsohon alƙali, manajan banki, likitoci biyu, wani mai gidajen mai, da sauransu. Suna hango ta suka juya gaba ɗaya, kamar sojoji, suka ba bango fuska. Ta wuce tsakanin ƙeyoyi goma sha biyu tana waige. Aka zaunar da ita a benci a kicin. Kafin ta ce uffan, Onarabul ya durƙusa, da ƙyar, ya cire mata takalmi, ya ɗauko buroshi ya hau aiki yana haki. Aka kawo abinci. Loma uku, Hezekiya ya kaɗa ƙararrawa, kowa ya miƙe zumbur, cokula suka zube.

Madam Judit ba ta miƙe ba. Ta cire tabarau tana share ido. Kuka take yi, wallahi, kuka na gaske. Onarabul ya kalli Hezekiya ya kashe masa ido ɗaya. Hezekiya ya ji zuciyarsa ta yi fari ƙal; ɗaki ya tsira.

Aka nemi ya ba da tarihi, ya bayar da Turancinsa na kicin, daga mai ulu har Lod na tara. Tana ji tana gyaɗa kai. Da ya gama ta tafa, ta ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne, har ma sunan karen Lod na shida, wanda su a can sun daɗe suna nema a takardu ba su samu ba. Kicin ya ɗauki tafi. Sannan ta miƙe tsaye, da safa kawai a ƙafarta, ta ce tana son ta yi godiya.

"Na zaga gidaje da yawa irin wannan," in ji ta. "Ko'ina mutane so suke su yi wasan zama Lod. Ban taɓa ganin inda manyan gari, alƙalai da likitoci, suka ƙasƙantar da kansu suka kwaikwayi rayuwar barorin gida don a tuna da su ba, sai yau. Ƙofar baya, fuskantar bango, ƙararrawa, goge takalmi, ba ku bar komai ba. Albert zai yi alfahari da ku."

Kicin ya yi tsit. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

Tsohon alƙali ne ya fara samun murya. "Madam, barorin wa?"

"Barorin Hadawik mana," in ji ta, tana murmushi, ba ta san ta taka wuta ba. Ta bayyana musu dalla-dalla, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. A irin waɗannan gidaje bara ba ya bin ƙofar gaba har ya mutu. In ya haɗu da uwargida a hanya dole ya juya bango don kada ta wahala da ganin fuskarsa. Ba ya taka kafet don kada ya cinye shi. In an kaɗa ƙararrawa daga sama, ko loma na bakinsa, sai ya tashi. Ta taka zuwa bango inda wani tsohon hoto ke rataye, hoton Hadawik na asali da mutane a gabansa. Shekara da shekaru Hezekiya yana nuna wa baƙi saurayin da ke kan doki yana cewa ga Lod nan. Yatsanta ya wuce na kan doki, ya sauka a kan wanda ke riƙe da linzami.

"Ga Albert. Uwarsa ce kukun gidan. Shi ke goge takalma da wuƙaƙe, daga baya ya koma ɗaukar faranti. Sunansa na cikin littafin ma'aikata har shekarar da ya shiga jirgin ruwa ya taho nan."

Tabɗi! Ka ga manya sun rasa inda za su sa ido. Manajan banki ya shiga duba wayarsa da ba ta yi ƙara ba. Mai gidajen mai ya tuna yana da taro. Alƙali ya zauna a benci a hankali, ya ce, ba da kowa yake ba, "Ƙofar falona. Na sa birkila ya toshe ƙofar falona." Onarabul kuwa har yanzu buroshi na hannunsa, da baƙin man takalmi a hannun rigarsa. Ya dube shi, ya dubi Hezekiya, wuyansa ya kumbura.

"Baba," ya ce da Hausa, "shekara biyu. Shekara biyu kana sa ni durƙuso ina goge takalmin mutanen da ko gaisuwata ba su kai ba. Ashe aikin boyi kake koya mini?"

"Oga, abin da na gani..."

"Rufe mini baki! Litinin. Ka ji ko? Litinin da safe!"

Hezekiya ya ajiye ƙararrawa a kan tebur, ya fita ta inda ya saba, ya je ya zauna a kan dutsen gindin fiya, yayyafi na sauka a kan kakinsa. Abin mamaki, ya nemi haushin Bature a ransa ya rasa. Abin da ya zo masa shi ne fuskar mutumin in tarho ya yi ƙara, yadda yakan zabura launinsa ya canja, sannan ya tsaya yana kallon hannuwansa. Da yadda yakan zo nan da yamma ya zauna kusa da Gyang suna fere dankali tare. Mutum ya haye teku, ya haƙa ƙasar mutane ya yi arziki, ya gina gidan iyayen gidansa dutse bisa dutse, sannan ya kasa taka matakalar gaba. Tausayi ya kama Hezekiya, na Bature da na kansa, har ya rasa na wa ya fi.

Can sai ga Madam Judit, ta sa takalminta mai ƙyalli, fuskarta duk damuwa. Wani ya fassara mata abin da Onarabul ya ce, ya kuma gaya mata ɗakin tsohon za a rushe ranar Litinin. Ta ba shi haƙuri har sau uku, ta tambaya ko za ta iya ganin ɗakin da ake magana. Ya tura mata ƙofa.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana bin kayan ɗakin da kallo. Gadon ƙarfe na Gyang, akwatin kwano na Chundung, dutsen guga, fitilar ƙwai, butar shayi da Bature ya ba su ranar Kirsimeti, hular kuku a rataye a ƙusa. Ta ce, "Ya Allah." Ta juya da sauri ta koma cikin gida, Hezekiya yana jin muryarta daga nesa tana yi wa Onarabul magana da zafi. Ta ce masa rushe ɗakin nan zunubi ne. Ta ce a Hadawik na asali yanzu ba Lod ko ɗaya, na ƙarshen ya sayar ya koma wani ɗan fulat, kuma baƙin da ke zuwa kallo wucewa suke yi ta falo da sauri, su je su yi layi a kicin da ɗakunan barori. Ta ce falo irin nasa akwai dubu a duniya, amma ɗakin kuku da ba a taɓa komai a cikinsa ba tun zamanin kuza, ba ta san wani ba.

Kunyar Onarabul, in an auna, ba ta wuce minti ashirin ba. Kalmar layi ce ta warkar da shi. Kafin baƙi su gama neman direbobinsu ya tare su a baranda, ya ce dama shi ya san komai tun farko, gwaji ne yake yi musu na tawali'u, kuma shi mutum ne da ya daɗe yana kishin talaka, kowa ya san haka tun yana majalisa. Wasu har suka tafa.

Litinin katafila ba ta zo ba. Onarabul ne ya zo da kansa, da fara'a, da kafinta, da wata jar igiya mai kauri.

"Baba, albishirinka! Ɗakinka ya tsira. Ba mai taɓa ko ƙusa ɗaya. Har abada."

Hezekiya ya rusuna zai yi godiya, hawaye na taruwa a idonsa. Sai ya ga kafinta yana kafa ƙarfe a kowane gefen ƙofar, yana ɗaura igiyar a tsakani.

"Oga, wannan fa?"

"Don kada mutane su shiga su taɓa kaya. Daga nan za su tsaya su leƙa." Onarabul ya dafa kafaɗarsa. "Ka gane ai, Baba, yanzu wurin ya zama kayan tarihi. Ba a kwana a cikin kayan tarihi. Hayaƙin risho, numfashi, duk suna lalata abu, Madam ta faɗa. Ka ɗauki tufafinka kawai. Gado da akwati da sauran su zauna yadda suke, su ne abin kallon. Ai kana da 'ya a Kwararafa ko? Madalla. Ranar Asabar kuma in kana so ka zo ka sa kakinka ka tsaya a nan gefe, mutane su ɗauki hoto da kai."

Hezekiya ya dubi igiyar. An yi masa alkawarin ɗaki zai tsira, ga shi ya tsira. Madam Judit tana cikin jirgi a lokacin, ranta fari, ta ceci ɗakin tsoho.

Ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya ya shiga, ya tattara riguna uku da Littafi Mai Tsarki da hoton Magadaliya a cikin jakar leda. Ya miƙa hannu zai ɗauki butar shayi, kafinta ya ce, "Baba, yi haƙuri, oga ya ce ban da ita." Ya mayar. Ya cire farar kakin ya ninke ya ajiye a kan gado, ya sa tsohuwar rigar sanyinsa. Ya fito ya tsinki fiya ɗaya, ɗanya shar, ya jefa a leda.

Firisila ta iso da Keke Napep, aka hana su shiga, suka tsaya a gaban gida. Ta aiko a ce masa ya zagayo. Hezekiya ya kama hanyar da ya bi shekara saba'in, ta gefen kwandon shara, ya yi taku biyar, ya tsaya. Sai ya juya ya shiga kicin. Ya wuce dogon tebur, ya bi baranda ta tsakiya. Matar Onarabul, Madam Felicitas, tana tahowa da ƙawayenta biyu; ya dube ta ido cikin ido ya ce, "Sannu, Madam," ya wuce, ta bi shi da kallo. Ya taka jan kafet da takalminsa na roba mai taɓo, tun daga farkonsa har ƙarshe. Ya zaro makullin da ke rataye a wuyansa, ya zura a babbar ƙofa.

Ko ƙara ba ta yi ba. Shekara hamsin yana ba ta mai.

Ya tsaya a saman matakala. Daga nan ana ganin komai: layin itatuwan turare, da duwatsu can nesa, da ruwan ramin kuza shimfiɗe a kan gonar kakansa, yana ƙyalli. Wuri mai kyau ne, ba ƙarya. Wanda ya gina gidan don wannan kallon bai taɓa tsayawa a nan ya gani ba. Hezekiya ya kalla iya son ransa, ya bar makullin a jikin ƙofa, ya sauko a hankali, yana dafa gwiwa.

A daidai lokacin wata baƙar mota ta faka, wasu manya biyu da ba su ji labarin Asabar ba suka fito. Suka dubi ƙofar a buɗe, suka dubi tsohon da ke saukowa da leda, suka yi wa juna murmushin tausayin jahili, suka tattare riguna suka zaga baya.

Firisila ta karɓi ledar, ta ɗaga ta ta ji ba nauyi, ta dubi fuskarsa. Ta matsa masa ya zauna. Mai keke ya tayar.

"Baba," ta ce, tana waige, "ka bar ƙofar a buɗe. Ruwa zai shiga."

Hezekiya ya rungume ledarsa, idonsa a kan hanya.

"Ba aikina ba ne yanzu," ya ce. "Mu je."